Daga tambari zuwa gitar bas: tarihin babbar murya a Damagaram

A cikin kayan kiɗan zamani da ƙungiyoyin al'adu da makarantunmu ke saye, babu wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamar gitar bas. Idan kuɗi suka samu, akan fara da fiyano da makirfo da manyan lasifikoki. Abin da ya yi saura shi ake kai wa mai bas, in ma an tuna da shi. Ranar biki kuwa, ko a gidan al'adu na Abdussalam Adam ko a ƙofar gidan ango a Zango ko Birni, sai a ga yatsun mai bas suna ta aiki amma kunne ba ya kama abin da suke faɗa: ko dai wani gunji maras kai da gindi, ko kuma shiru. Wannan ne ya sa matasa suka fara tambayar ƴan akwatunan nan da ake takawa da ƙafa don sauya sauti, waɗanda ake kira fedal, da kuma na'urar da ke tarbar sautin gitar kafin ya shiga amfili, wato firamfili. Wanne ya fi? Wanne za a fara saye? Tambayar ta yi kama da ta bakin kanti, alhali kuwa tsohuwa ce ƙwarai. Tun ba a san wutar lantarki ba fadar Damagaram ta yi fama da ita, wato yadda za a sa murya mai kauri ta yi nisa kuma a gane abin da take faɗa.

Abin da fada ta riga ta sani

Masana tarihi suna ɗora kafuwar sarautar Damagaram a kan shekarar 1731, da Malam Yunusa. Sai a farkon ƙarni na 19 aka mayar da gadon sarauta Zindar, kuma sai a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi dogon mulkinsa daga 1851 zuwa 1884, garin ya zama abin ba da labari: ga ganuwa, ga ayarin raƙuma masu ratsa Sahara zuwa Tarabulus, ga maƙera masu zuba igwa a cikin gari. Sarautar da ta kai haka tana bukatar murya daidai da ita. Mai shela yana iya cika kasuwa da muryarsa, amma ba ya iya cika birni da ƙauyukan da ke kewaye da shi.

Amsa ta farko da fadojin ƙasar Hausa da na Barno suka samo ita ce girma. Tambari ƙaton akushi ne na itace da aka rufe da fatar sa, ba a kuwa kaɗa shi sai don sarki: ranar naɗi, ranar salla, ranar fita yaƙi. Kakaki yana kai tsawon mita biyu zuwa uku, wani ma ya fi haka, kuma littafin tarihin Kano yana danganta shigowarsa da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Masassaƙi da maƙeri ba su karanta ilimin sauti a lakkwal ba, amma sun san cewa murya mai kauri tana son babban ciki da iska mai yawa. Lissafin masana na yau bai ƙaryata su ba. Tsarkiya mafi kauri a gitar bas mai tsarkiya huɗu, wadda ake kira mi, tana girgiza sau 41 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kowane zango na wannan sauti a cikin iska ya haura mita 8. Kunnen ɗan Adam kuma ba ya jin irin wannan zurfi da sauƙi. Tun 1933 Fletcher da Munson suka auna a Amurka cewa sauti mai zurfi yana bukatar ƙarfi fiye da na tsakiya nesa ba kusa ba kafin kunne ya ji su daidai wa daida. A cikin ɗaki bango yana mayar da amon ya taimaka. A fili, inda mu muke yawancin bukukuwanmu, babu mai mayar da shi.

Amsa ta biyu ta fi ta farko dabara, ita ce kuma ta fi shafar zancenmu. A dubi ganga da kyau: akwai siririyar tsarkiya da aka gitta bisa fatar, wadda ke karkarwa duk sanda aka buga. A dubi garaya ko molo: a ƙarshen sandar sau da yawa akwai ɗan faifan ƙarfe mai ƙananan zobba, ba ya ba da wani kari na kansa, aikinsa kawai ya yi ziza tare da kowane taɓi. Jauje yana da ƴan ƙararrawa. Algaita kuwa muryarta kanta kaushi ce. Kunnen da ya tashi da kiɗan Turai na cikin zaure yakan ɗauki wannan ziza a matsayin datti da ya kamata a share. Makaɗan fada da gangan suke saka ta, domin sun lura cewa amo mai santsi yana nutsewa a cikin hayaniyar taro da kofatan dawaki, mai kaushi kuwa yana ratsawa.

Dalilin haka yana da sauƙin fahimta. Kowane amo yana tafe da ƴaƴansa: tsarkiyar da ke girgiza sau 41 tana kuma fitar da ƙananan girgiza na 82, da 123, da 164, har zuwa sama. Uwar ce ke ba da nauyin da ake ji a ƙirji, ƴaƴan ne ke gaya wa kunne ko wane kari ne. Abin mamaki shi ne, ko da uwar ta ɓace a hanya, idan ƴaƴan sun iso, ƙwaƙwalwa tana mayar da ita da kanta. Ziza da kaushi suna cika saman amo da abin da kunne zai kama. Duk wata fedal mai gurnani da ake sayarwa yau, aikin da take yi bai wuce wannan ba.

Akwai kuma abu na uku da bai kamata malamin Hausa ya tsallake ba. Kayan kiɗanmu magana suke yi. Kalangu yana faɗin take, kakaki da ƴan muryoyinsa biyu yana kiran sarki da kirarinsa, kuma hakan yana yiwuwa ne saboda harshenmu mai karin sauti ne. Ɗaliban aji na farko ma sun san cewa hawa da sauka ne kaɗai ke raba wuyan jiki da wuyar rayuwa. Mai sauraro Bahaushe yana jiran kayan kiɗa su ce wani abu. Bas ɗin da ya zama gunji kawai, komai ƙarfinsa, a kunnen nan bebe ne.

Begila, makirfo, orkesta

Bayan yaƙin Tirmini a ƙarshen watan Yuli na 1899 da rasuwar Sarki Amadu Kuran Daga a wannan shekara, wata murya ta shigo garin, ta begila da badujalar bariki. Zindar ta zama babban birnin mulkin Faransa a wannan yanki daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai. Sai dai begila ba ta sauya ka'idar komai ba. Ita ma ƙarfin huhu ce da ƙarfe. Abin da ya juya al'amari shi ne makirfo. Da aka buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, muryar mawaƙa irin su Ma'azu Ɗan Alalo ta kai inda tambari bai taɓa kai ba, kuma kayan kiɗa masu sanyin murya, gurmi da molo da kukuma, waɗanda da na zaure ne da na ɗakin hira, suka sami damar cika fili. Daga ranar nan girman jiki ya daina zama sharaɗin nisan murya.

Orkestocin zamani sun sami gindin zama ne musamman bayan 1974, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da samariya, ta kuma mayar da bikin matasa na ƙasa gasar da ke zagayawa jiha jiha. A 1987 aka ƙirƙiro gasar Ɗan Gurmu ta kiɗan zamani, a wajejen 1990 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai, inda mawaƙa irin su Sa'adu Bori da Musa Pusi da Fati Mariko da Yakuba Mumuni suka goge. Zindar ta shiga wannan fage da orkestar Super Haske da muryar Sani Abusa. Yana da kyau a lura cewa da yawa daga masu wannan sabon kiɗa ba ƴaƴan makaɗa ba ne. Mamman Sani, wanda ya fitar da kaset ɗinsa na kiɗan organ a 1978, malamin makaranta ne. Haka ma Malam Mamman Barka, haifaffen Taskar a jihar Zindar, wanda ya yi suna da gurmi kafin ya tafi bakin Tafkin Cadi a 2002 ya koyi biram, molon Buduma mai tsarkiya biyar, a hannun Bukar Tar. Ya rasu a 2018. Malamai, ke nan, ba baƙi ba ne a wannan tarihi.

Masu bas na wancan zamani kaset ne malaminsu. Sun saurari rumbar Kongo, inda bas ke yawo kamar mai rawa. Sun saurari makosar Kamaru, ƙasar da ta fitar da gwanayen bas irin su Jean Dikoto Mandengue da Aladji Touré, daga baya kuma Richard Bona. Sun saurari rege na Jamaika, inda Aston Barrett ke murɗe siririyar murya ya bar kauri zalla. Kayan aikinsu bai wuce gitar da waya da amfili ba, kuma amfilin sau da yawa ba na bas ba ne.

Daga nan sai fiyano ta zo daga Kano. A shekarun 1990 masana'antar fim ɗin Hausa ta gina waƙoƙinta a kan fiyanon Yamaha, kuma bayan fim ɗin Sangaya na 1999 wannan salo ya mamaye kasuwa daga Kano har Agadas. Mutum ɗaya da na'ura ɗaya yana ba da ganga da sarewa da bas gaba ɗaya. Mai biki ya ga sauƙi, mai bas ya ga abincinsa yana tafiya. Wayar hannu ta ƙara wani nauyin: waƙa ta koma yawo daga waya zuwa waya, ƙaramar lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da girgiza 41, ba ta ma kusantar ta. Faifan farko na Mdou Moctar, wanda ya ɗauka a Sakkwato a 2008, ta wannan hanya ya bazu a Sahel. Duk mai bas ɗin da sautinsa ba shi da ƴaƴa, a cikin waya babu shi sam.

Yadda Amurka ta gano ziza

A nan dole mu ƙetare teku, domin akwatunan da ake tambaya a kansu can aka haife su. Leo Fender ya fitar da gitar bas ɗinsa mai suna Precision a 1951, da amfilin Bassman a 1952. Kamfanin Ampeg ya kawo B-15 a 1960, sannan SVT mai ƙarfin wat 300 a 1969. Wannan duk amsar farko ce ta fada, wato girma: ƙarin ƙarfi, ƙarin lasifika.

Amsa ta biyu kuwa da kuskure aka same ta, kuma a kan bas. A 1960, a wani ɗakin ɗaukar sauti na birnin Nashville, ana ɗaukar wata waƙa ta Marty Robbins, sai layin da gitar bas ɗin Grady Martin ke bi a teburin haɗa sauti ya lalace, sautin ya fito da kaushi kamar an yaga ƙyalle. Aka bar shi haka, waƙar ta fito a 1961 ta kuma yi kasuwa. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya zauna ya ƙera ɗan akwatin da zai riƙa yin wannan lalacewa da gangan, kamfanin Gibson ya sayar da shi a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. A tallarsa ta farko cewa aka yi yana sa gitar ta yi muryar kayan busa. Wato dai abin da mai algaita ke da shi tun kaka da kakanni, shi injiniyoyi suka sa a akwati. Larry Graham ya shigar da wannan gurnani cikin bas na kiɗan fank a ƙarshen shekarun 1960. A 1972 aka fitar da Mu-Tron III, mai buɗe sauti da rufe shi gwargwadon ƙarfin taɓin yatsa, har ya zama kamar bas ɗin na cewa wani abu. Bootsy Collins ya yi suna da shi. Kamfanin Boss na Japan ya fara ƙananan fedalolinsa a 1977, a 1982 kuma ya kawo OC-2, mai ƙara wa kowane kari wani a ƙasansa.

Tarihin firamfili daban yake, ya fi kuma natsuwa. Abin da ke ɗaukar sauti a jikin gitar maganaɗisu ne naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, kuma wutar da yake fitarwa ƴar kaɗan ce, mai rauni. Idan ta bi doguwar waya tana rasa haskenta, tana kuma kwasar ƙara a hanya. A fada, sarki ba ya ɗaga murya. Akwai wanda ke kusa da shi, ya karɓi maganar, ya daidaita ta, ya miƙa wa mai faɗa da ƙarfi. Firamfili shi ne na kusa ɗin, amfili shi ne sanƙira. Idan na kusa ya ji ba daidai ba, ƙarfin muryar sanƙira ƙara yaɗa kuskuren kawai zai yi. A ɗakin Motown na Detroit, a shekarun 1960, kai tsaye ake shigar da bas ɗin James Jamerson cikin na'urar ɗaukar sauti ba tare da an kafa makirfo gaban lasifika ba. A 1976 Music Man ta fitar da StingRay, mai ɗauke da firamfili da batir a cikin jikin gitar. A 1989 Andrew Barta ya ƙera SansAmp a New York, sunan da duk mai jin Faransanci zai gane: ba amfili. Na bas ɗinsa, Bass Driver DI, ya fito a 1994, ya haɗa aiki biyu a akwati ɗaya: yana ba sauti launin amfili, yana kuma mayar da shi irin wanda zai bi wayar makirfo mai baki uku ya yi tafiyar mita da dama zuwa teburin haɗa sauti ba tare da ya kwashi ƙara ba.

Zaɓi a ƙasar ƙura da ɗaukewar kuran

Mujallun Turai da Amurka suna gwada waɗannan kaya a ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta motsi, da amfilin da mai bas ya mallaka. Mai bas na Zindar yana kiɗa a fili, da kayan sauti na haya da bai taɓa gani ba sai ranar, da wutar janareta ko ta gari mai zuwa da komawa. Shekaru da dama Zindar da Maraɗi sun dogara da wutar da ke zuwa daga Najeriya ta layin Katsina, kuma kowa ya ga abin da hakan ke nufi lokacin da aka yanke ta a watan Agusta na 2023, har zuwa 2024. Saboda haka hukuncin can ba lalle ya zama namu ba.

A ganina, ƙungiyar da ke da kuɗin abu ɗaya kacal, firamfili mai mafitar wayar makirfo ya kamata ta saya, tun kafin kowace fedal, har ma kafin amfilin bas. Dalili shi ne manyan lasifikokin haya su ne tambarinmu na yau. Su kaɗai ke da cikin da zai tura iska a fili. Ƙaramin amfili mai wat talatin yana iya isar mai bas ya ji kansa, amma ba zai kai layi na biyar na kujeru ba. Abin da ake bukata shi ne hanyar da bas zai shiga manyan lasifikokin da mutuncinsa.

Idan aka zo kwatanta su, abu na farko da za a duba ba launin sauti ba ne, abincin na'urar ne. SansAmp Bass Driver da MXR M80 suna cin batir mai bolt 9, suna cin wutar adafta, suna kuma iya shan wutar bolt 48 da teburin haɗa sauti ke turowa ta cikin wayar makirfo. Darkglass B7K, na kamfanin Finlan, adafta kawai yake ci. Sautinsa na zamani ne, mai kaifi, amma inda wuta ke rawa wannan rashi ne babba. Behringer BDI21 kwaikwayon SansAmp ne, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na na asalin ba, sautinsu kuma ya yi kusa ƙwarai. Jikinsa na roba ne, ba ya kuma shan wutar tebur. Ga kulob ɗin makaranta ba abin rainawa ba ne, in dai za a hana ɗalibai taka shi kamar suna kashe kunama.

Abu na biyu shi ne ɗan maɓallin da ke raba ƙasan na'urar da ƙasan tebur. Wutar gari a Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan an haɗa kaya barkatai wannan juyi yana shiga lasifika ya zama wani kuka mai zurfi da ba ya yankewa. Karin sol na tsarkiyar mi yana girgiza sau 49. Ke nan ba yadda za a yi mai tebur ya rage kukan wutar ba tare da ya yanke wa mai bas kari guda daga cikin waɗanda ya fi amfani da su ba. Maɓallin nan yakan kashe kukan daga tushe. Firamfilin da ba shi da shi, a wurinmu, bai cika ba.

Sai na uku, launi, kuma a nan ne nake saɓa wa abin da yawancin matasa ke so. SansAmp na asali ya shahara da sautin da ke da kauri a ƙasa, da haske a sama, da rami a tsakiya. Ba shi ma da abin murɗa tsakiyar, sai a sabon samfurin 2016 aka ƙara masa. Idan mutum shi kaɗai ne a ɗaki, wannan sauti yana da daɗi kamar fura da nono. A cikin orkesta mai kalangu da gitar biyu da ƴan amshi, ramin nan daidai yake da wurin da maganar bas take, sai a ji nauyi ba a ji zance. Mai irin wannan akwati ya rage abin murɗa gauraye, ya bar sautin gitar na asali ya rinjaya, ya kuma rage kauri da haske maimakon ya ƙara su. Tsakiya za ta fito da kanta. MXR M80 da B7K suna da abin murɗa tsakiya tun asali, shi ya sa suka fi saurin biyayya ga kiɗan da ke bin karin harshe.

Game da fedal mai gurnani, ka'ida ɗaya ce: kada a ari ta mai gitar solo. Shahararriyar Tube Screamer ta Ibanez, wadda ta fito a 1979, an gina ta ne ta yadda gurnaninta zai fi kama abin da ke sama da girgiza 720, ta bar na ƙasa a baya. Ga gitar wannan gyara ne, ga bas kuwa ramewa ce. Fedalolin da aka yi don bas, irin su Boss ODB-3 na 1994, suna da abin gauraya sauti mai tsabta da mai kaushi. Nan ma makaɗan fada sun riga mu: tsarkiyar da ke kan ganga ba ta maye gurbin fatar, tana hawa kanta ne kawai. Kaushi kaɗan, wanda in mai bas na kiɗa shi kaɗai za a ce ya ɗan yi datti, shi ne ke ɓacewa a cikin taro ya bar kari a fili, shi ne kuma ke sa a ji bas a cikin wayar hannu.

Fedal mai daidaita ƙarfi, wadda ke danne taɓi mai tsanani ta ɗaga mai rauni, tana kare lasifikar haya daga fashewa, kuma tana da amfani ga mai dukan tsarkiya da babban yatsa. Sai dai in an matsa ta da yawa tana kashe bambancin taɓi, alhali a kiɗanmu bambancin nan shi ne rabin magana. OC-2 da ire-irenta ba sa gane kari biyu a lokaci guda, kuma zurfin da suke ƙarawa yakan faɗa ƙasa da abin da lasifikokinmu ke iya fitarwa. Kuɗi ne za a kashe don sautin da ba wanda zai ji. Mu-Tron da jikokinsa kuwa abin sha'awa ne ga mai neman kusantar muryar kalangu, amma kwalliya ce, bayan an ƙoshi.

Saura na'urori masu tara komai a ciki ɗaya, waɗanda ke aiki da lissafi irin na kwamfuta. Zoom B1 Four, alal misali, tana da ma'aunin saita tsarkiya da kwaikwayon amfili da fedaloli da yawa, tana cin ƙananan batura huɗu ko wutar USB, wato batirin cajin waya ma yana iya riƙe ta. Ga ɗalibin da ke son sanin aikin kowace fedal kafin ya sayi ko ɗaya, babu makaranta mai araha kamarta. Aibinta biyu ne. Ba ta da mafitar wayar makirfo, don haka har yanzu tana bukatar ɗan akwatin da zai kai ta tebur. Sannan in ta mutu, ta mutu. Fedal ta gargajiya, mai transisto da ƴan ƙananan kaya da ido ke gani, mai gyaran rediyo na kasuwar Dole yana iya buɗe ta ya gano abin da ya ƙone, ko a aika Sabon Gari ta Kano a samo madadinsa. Ƙurar hunturu tana shiga abin murɗawa ta sa shi ƙarar yashi, zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana cinye batir, haka ma wayar da aka bari a soke bayan an tashi daga kiɗa. Duk waɗannan ana maganinsu a gida.

Ba kowane kiɗa ne ma ke neman waɗannan kaya ba. A bukukuwan Agadas an daɗe ana kiɗan gitar da gitar biyu da ganguna, babu bas ko ɗaya, tsarkiyar sama ta gitar ce ke riƙe gindin waƙa. Da Mdou Moctar ya fita manyan dandamalin duniya ne ƙungiyarsa ta tsaya da mai bas na dindindin, Mikey Coltun, wanda kuma ya shirya faifan Afrique Victime na 2021. Tal National ta Yamai, wadda faifanta Kaani ya fito a 2013, bas ɗinta a bushe yake, yana gudu tare da kalangu, kuma ba wanda zai ce ya rasa wani abu.

Ƙungiyar da za ta saya, ta gwada kayan a inda za ta yi aiki da su. A kafa lasifikokin a fili, dukan orkesta su yi kiɗa tare, mutum ɗaya ya taka har bangon ƙarshe na farfajiya ya saurara, wani kuma ya ɗauka da wayar hannu a sake ji. In an gayyato makaɗin ganga ko mai garaya cikin orkestar, kada mai tebur ya ɗaure zobban garayar da ƙyalle ko ya cire tsarkiyar gangar don neman tsabta, kamar yadda wasu ke yi. A sa makirfon ɗan nesa kaɗan, yadda zai ɗauki fatar da zizar tare, sannan a daidaita kaushin bas ɗin da nasu.